Hoton da Walƙiya Ya Kulle

Akwai wata ƙusa a bangon falon Walƙiya, daidai saman talabijin, wadda duk wanda ya taɓa shiga gidan ya san tarihinta, ko yana so ko ba ya so. Shi ya buga ta da hannunsa ranar da jarida ta ɗauke shi aikin ɗaukar hoto. Ya kuma kafa doka cewa ba agogo, ba kalanda, ba abin da za a rataya a kanta sai shafin farko na jarida mai ɗauke da hoton da ya ɗauka, da sunansa a ƙasa. Ƙusa ta yi tsatsa, an sake wa falon fenti, yaransa sun yi wayo, ita dai tana nan tana jira. Firam ɗin ma an daɗe da saye, yana bayan kujera a cikin ledarsa.

Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu, don haka ban taɓa fita neman labarinsa ba, labarin ne ke tsallakowa ya same ni. Sunan Walƙiya kuwa ba mu muka sa masa ba, shi ya raɗa wa kansa, wai kafin mutum ya ƙifta ido ya riga ya ɗauke shi. Da gaskiyarsa kuma, domin yawancin mutanen da ke cikin hotunansa idonsu a rufe yake.

A gidan jaridar, hotunansa ba sa wuce shafukan ciki: gadar da ta karye, buɗe sabon famfo, manya biyu suna musabaha suna kallon wani wajen. Shi a ganinsa hassada ce kawai, kuma ya san mai yin ta, wato mai tsara shafi, wani dattijo mai kaurin tabarau da ba ya son hayaniya. Walƙiya ya ce mutumin nan da gangan yake zaɓar hotonsa mafi muni. Aka yi rigima har gaban edita. Daga ƙarshe aka tsayar da cewa duk aikin da Walƙiya ya je, zai kulle hoton da ya fi so a cikin kyamara, yadda alamar ɗan makulli za ta fito a gefensa. Da katin kyamara ya iso ofis, mai tsara shafi ya nemi mai makulli ya buga, ba tambaya, ba shawara, ba yanke gefe. Dattijon ya ce ya ji ya gani, hakan ma ya fi masa sauƙi.

Ana nan sai lokacin rantsar da sabon shugaba ya ƙarato. Ɗayan mai hoton jaridar, wanda aka saba turawa manyan taruka, ya faɗi a babur ya karya hannu. Edita ya duba dama ya duba hagu, bai ga kowa ba sai Walƙiya zaune yana goge kyamara da gefen rigarsa. Ya kira shi ofis ya rufe ƙofa. Ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa ba don ya fi kowa aka zaɓe shi ba, don ba kowa ne. Abu ɗaya ake so: hoton shugaba ya ɗaga hannu yana rantsuwa, a shafin farko. In ya kawo, shi ke nan. In bai kawo ba, ya ajiye kyamarar jarida a kan teburin nan ya nemi wata sana'ar.

Da wani ne, da ya sha jinin jikinsa. Walƙiya sai ya gyara zama ya kafa nasa sharaɗin.

"Ranka ya daɗe, hoto kamar yana hannunka. Amma sunana fa. Ban da waɗannan ƙananan haruffan da sai mutum ya ari tabarau. Manya nake so, wanda mai wucewa a mota zai karanta."

"Kawo hoton tukuna," in ji edita. "In ka kawo, ko girman ƙofar nan kake so za a yi maka."

Kafin la'asar duk layinmu ya ji cewa fadar shugaba ce da kanta ta nemi Walƙiya da suna. Ya tsaya a shagon aski na bakin layi, inda muke taruwa, ya yi mana bayanin dabararsa. Shagon na yayan matarsa ne, wani dogon mutum mai sanyin hali wanda tun da na san shi ban taɓa ganin bayan kunnensa na dama ba mataji ba. Da shi yake cin abinci, da shi yake zuwa ta'aziyya.

Walƙiya ya ce duk masu hoton ƙasar nan tumaki ne. Za a tara su a gaban dandamali a bayan igiya, su yi ta turereniya, kowa ya ɗauko fuska iri ɗaya da hanci iri ɗaya. Shi kuwa ta baya zai ɓullo, daga sama. Za a ga kafaɗar shugaba, da hannunsa a ɗage, da tutoci suna kaɗawa, da sararin sama. Ya ce fuska kowa na da ita, amma ƙeyar shugaba a lokacin rantsuwa ba wanda ya taɓa tunaninta. Wani mai jiran aski ya tambaya ko ba don an hana ba ne ba a taɓa yi ba. Walƙiya ya dube shi da tausayi ya ce irin wannan tunanin ne ya sa har yau yake gyaran fanka.

Shiri ya fara daga jiki. Ya ce mai hoton manya dole ya iya gudu da baya kyamara na ido, don haka kowace safiya sai ya fito layi yana ja da baya da sauri, ido ɗaya a rufe. Ranar farko ya ture tiren mai sayar da lemo. Rana ta biyu ya zauna a kan akuyar mai wanki. Rana ta uku ya nufi kwatar da ke gaban gidana, muna kallo, muna kiransa, yana ɗaga mana hannu wai kada mu raba masa hankali. Da muka zaro shi baƙi ƙirin har wuya, kyamarar na sama a hannunsa ko ɗigo bai taɓa ta ba. Ya ce mu shaida, abin da yake gwadawa ke nan.

A cikin gida matarsa ce ta sha wahala. Tana tuƙa abinci sai filasha ta haske ta. Tana shanya sai ya ce ta ɗaga hannun dama ta tsaya haka. Ta katanga na ji tana ce masa ita fa ba ta tsaya zaɓe ba, kuma in ya ƙara haske mata ido tana riƙe da tukunyar ruwan zafi, to shi za a ɗauka hoto a asibiti. Ya ce mata matan manyan masu fasaha duk haka suka yi haƙuri. Ta ce ta ji, amma su mazansu sun kawo wani abu gida ban da warin kwata.

Sai maganar tsani. Tun da daga sama zai ɗauka, yana bukatar tsanin da ya fi na kowa tsawo, mai ƙafa huɗu, mai ɗan wurin zama a ƙoli. Ya kira kafinta, amma ya ce ba a shago za a yi ba, kada 'yan leƙen asirin wasu jaridu su gani su kwaikwaya. A tsakar gidansa za a haɗa, ƙofa a rufe. Kafinta ya ce a bari ya auna ƙofar gida da lungun zaure tukuna. Walƙiya ya ce shi da idonsa ke auna nisan mutum daga ƙetaren titi, ba ya bukatar igiyar awo, a yi aiki kawai. Kafinta ya yi aiki, ya karɓi hakkinsa, ya tafi da sauri kamar wanda ya bar abu a wuta.

Tsani ya yi kyau, ba ƙarya. Sai dai ya ƙi fita. Aka shigar da kansa zaure, ƙafafu suka ƙi juyawa. Aka juya ƙafafu, kai ya tokare rufi. Aka kwantar, aka karkata, aka cire ƙyauren ƙofa, har fentin zauren ya koma jikin masu taimako. Daga ƙarshe Walƙiya ya ce dama shirinsa ta kan katanga ne. Katangar kuwa tawa ce. Suka cicciɓa suka turo shi tsakar gidana, ya kwashe igiyar shanyar iyalina da duk abin da ke kanta, sannan da aka miƙar da shi don a tsallaka da shi waje, ƙolinsa ya ɗauko wayar lantarkin da ke ba rabin layin wuta. Muka ji tas, muka ga walƙiya ta gaske, fankoki suka tsaya.

Matan layi suka fito. Mai sayar da ƙanƙara ta ce a nuna mata wanda zai sha ruwan da ƙanƙararta za ta zama. Tela ya fito da rigar da ya ɗinka rabi. Mai aski ya fito da wani mutum a bayansa, gefe ɗaya na kansa a aske, ɗaya gefen yana nan yadda ya zo da shi. Walƙiya ya hau matakalar farko ta tsaninsa ya yi musu jawabi. Ya ce nan da 'yan kwanaki za su riƙa gaya wa jikokinsu cewa a layinsu aka yi shirin wannan hoton, kuma duhun kwana biyu ba komai ba ne a kan tarihi. Mai ƙanƙara ta ce ya sauko ta nuna masa tarihi.

Ana gobe taron rantsuwa Walƙiya ya ce saura gwaji a ainihin filin. Yana bukatar mutum mai tsawon shugaba da zai tsaya a kan dandamali don ya daidaita nisa da haske. Ya ce ya samu labari daga majiya mai ƙarfi, wato wani da ya san wani da ke guga a fada, cewa fararen kaya shugaba zai sa. Ya dubi surukinsa mai aski sama da ƙasa ya ce tsawon ya yi.

"Yaya, ƙasa ce ke bukatarka. Sa fararen kayanka na zuwa biki, da hula."

"Ni da ko shugaban masu aski ban taɓa yi ba?"

"Ba magana za ka yi ba. Ƙeyarka kawai nake so."

Mai aski mutum ne da ba ya iya cewa a'a, musamman ga mijin ƙanwarsa. Ya rufe shago, ya sha fararen kaya, aka ɗaura tsani a kan motar jarida, direba ya ja su zuwa filin. Direban ne ya ba ni labarin abin da ya faru a can. Sun tarar ana ta aiki, masu kafa rumfa, masu jera kujeru, masu ɗaura tutoci. Ba wanda ya tambaye su komai, domin mutumin da ke ɗauke da tsani ba a tambayarsa inda za shi. Da ma'aikata suka ga dogon mutum cikin fararen kaya ya hau dandamali yana dube-dube, sai suka ɗauka babba ne daga fada ya zo duba aiki. Wani ya kawo masa kujera, wani ya kawo ruwan sanyi, shugaban masu rumfa ya zo yana rusunawa yana tambaya ko tutocin sun yi. Mai aski ya duba ya ce ta hagu ta ɗan karkace, kamar gefen gashin da ba a daidaita ba. Nan take aka gyara.

Walƙiya ya kafa tsani a bayan dandamali ya haye. Ya sa surukinsa ya ɗaga hannun dama. Ya ce ya ɗan sauke. Ya ce ya ɗaga haɓa, ya buɗe kafaɗa, ya tuna cewa al'umma ce a gabansa. Suka yi ta yi har bawan Allah ya gaji. Can rana ta karkata, iska ta taso, tutoci suka buɗe gaba ɗaya, Walƙiya ya danna. Direba ya ce shi kansa da aka nuna masa sai da tsigar jikinsa ta tashi. Kafaɗa fara tas, hannu a sama, tutoci, gajimare. A duk shekarun Walƙiya bai taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya danna masa makulli, wai shi ne ma'aunin da zai bi gobe.

Da magariba ya tara iyalinsa a falo, har da ni da na shiga karɓar kuɗin igiyar shanya ban samu ba. Ya ciro firam daga bayan kujera ya sa aka goge. Ya goge ƙusa da tsumma. Sannan ya ɗaga kyamara ya ce mu shaida, zai share duk abin da ke cikin kati don tarihi ya samu wurin zama. Ya danna goge duka, ya kashe kyamara ba tare da ya duba ba, domin a cewarsa 'yan koyo ne ke leƙa bayan kyamara. Kyamara kuwa ba ta goge hoton da aka kulle. Wannan kowane mai hoto ya sani, Walƙiya ma ya sha koya mana a shagon aski ba mu tambaye shi ba.

Ranar taro aka gyara mana wuta da safe, muka cika shagon aski don kallon talabijin. Walƙiya kuwa tun da sassafe ya isa filin da tsaninsa da rigarsa mai aljihu ko'ina. A ƙofa aka nemi katin shaidarsa na ɗan jarida. Ya shiga lalube, aljihun sama, na ƙasa, na ciki, na baya, yana fito da batura da tsumma da guntun biskit. Kafin ya gano inda katin yake, wani jami'i ya hango tsanin ya daka masa tsawa, wai tun ɗazu ake neman mai tsani, lasifika ɗaya ta kunce. Aka tura shi ciki ba bincike. Walƙiya ya waiwayo ya kashe wa direba ido, wai dabara ta ci.

Dabara ta ci, har ta cinye masa safiya. Ya ɗaure lasifika. Aka ce ƙyallen rumfar baƙi ya zazzago, ya hau ya gyara. Aka ce fitila ɗaya ba ta kamawa, ya hau ya murɗa. Wata mai kula da ado ta sa shi ya sauya wa furanni wuri, ta ce bai yi ba, ya mayar. Sauran masu hoto suna can bayan igiya a gaban dandamali sun kafa kyamarorinsu suna shan ruwa, suna kallon abokin sana'arsu yana yawo da tsani a kafaɗa, gumi har cikin takalmi. Ɗaya daga cikinsu ya kira shi ya ce akwai sauran wuri a nan kusa da shi, ya zo ya tsaya. Walƙiya ya ce ya gode, shi ba ya kiwo da garke.

Da aka fara busa da kaɗe-kaɗe, hankalin kowa ya koma gaba, sai ya sulale da tsaninsa bayan dandamali, daidai inda ya yi alama jiya. Mu a shago muna kallo, shugaba ya fito. Shuɗayen kaya ya sa. Mai aski ya ce af, ashe mai gugar bai san komai ba. Aka kira shugaba gaban alƙali, fili ya yi tsit, ya fara ɗaga hannu.

A nan ne muka ga wani abu yana tsirowa a saman allon talabijin, a bayan kan shugaba. Da farko hula, sannan fuska mai ido ɗaya a rufe, sannan wani dogon baƙin abu da aka saita daidai ƙeyar shugaban ƙasa. Matar Walƙiya, da ta tsaya a bakin ƙofar shagon, ta ce, "Wayyo, na shiga uku, shi ne." Ba mu kaɗai muka gani ba. Wasu ƙarti masu baƙaƙen kwat da baƙin tabarau suka taso ta kowane gefe. Tsani ya yi dama, ya yi hagu, sai muka ga tafin takalmi biyu sun wuce ta saman allo. Mai ɗaukar talabijin ya yi maza ya juya kan sojoji masu fareti. Shugaba dai ya gama rantsuwarsa, yana ɗan waiwaye.

Direba ya ce ko da aka danne Walƙiya a ƙasa yatsansa na kan maɓalli, kyamara na ta ɗaukar sama da takalman jami'ai. Kuma a cikin wannan turmutsutsun, sai da ya yi abin da ya daɗe yana gwadawa a ɗaki: ya zare katin kyamara ya cusa a safa. Da ake jansa za a wuce da shi ta gaban motar jarida, ya yi kamar takalminsa ya cire, ya cilla wa direba katin.

"Kai ofis. Ka ce wa mai tabarau ya bi doka. Kuma sunana manya."

Direba ya kai. Edita yana can wurin liyafar manya, wayar Walƙiya tana hannun jami'an tsaro tare da kyamarar. Mai tsara shafi ya buɗe kati, ya ga gajimare, ya ga takalma, ya ga wani abu mai kama da cikin hancin mutum. A can sama kuma ga hoto ɗaya tilo mai alamar makulli, kyakkyawa, hannu a ɗage. Bai kalli talabijin ba ranar, yana ta fama da shafuka. Ya bi doka.

Jami'an tsaro sun saki Walƙiya da yamma, bayan sun bincike aljihunsa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ɗauke su lokaci mai tsawo, suka kuma gamsu cewa ba mugu ba ne, abin nasa daga Allah ne. Tsanin dai suka riƙe. Ya dawo layi yana ɗingishi, leɓe a kumbure, yana ɗaga wa mutane hannu kamar shi aka rantsar. Ya ce ya danna kafin su iso gare shi, ya ji a yatsansa, kuma yatsansa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ya ce manyan masu hoto na duniya duk sai da aka doke su. Ya aika a gaya wa mai kawo jarida ya ajiye masa ɗauri guda.

Washegari da safe muna shagon aski mai jarida ya iso. Walƙiya ya yanke igiyar ɗaurin da kansa, ya zaro ta sama ya ɗaga mana ba tare da ya duba ba. Hoton ya cinye rabin shafi. A samansa an rubuta cewa sabon shugaba ya sha rantsuwa. A ƙasansa kuma, da haruffan da ko daga ƙetaren titi za a karanta, an rubuta: HOTO: WALƘIYA.

Muka tsaya muna kallo, domin hoton ya yi kyau. Ni har na fara jin kunyar dariyar da na yi masa. Sai mai gyaran fanka, wanda aka ce tunaninsa bai kai ba, ya matso da fuskarsa kusa.

"Jiya ba shuɗayen kaya shugaba ya sa ba?"

"Haske ne," in ji Walƙiya. "Ba za ka gane ba."

"To shi ma shugaban aski yake yi? Ga mataji a bayan kunnensa."

Duk shagon muka juya muka dubi mai aski. Yana tsaye da almakashi a hannu, matajinsa na nan inda ya saba zama. Ya kai hannu a hankali ya taɓa shi. Sai a sannan Walƙiya ya juyo da jaridar ya duba.

Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa ba. Mai ƙanƙara ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Tela ya ce shi ya ɗinka rigar nan, ga ɗinkinsa a kafaɗa, a rubuta nasa sunan shi ma. Mutanen wasu layuka suka fara zuwa da jaridarsu a hannu don su gwada ƙeya da ƙeya, mai aski kuma, da yake ba ya iya cewa a'a, sai ya juya musu baya ya ɗaga hannu. Kafin azahar ba mai kiransa sai da Mai Girma.

Edita bai aiko a kira Walƙiya ba, da kansa ya zo layin, da mai tsara shafi a bayansa. Ya ce tun asuba wayarsa ke ƙara, fada ta kira, masu talla sun kira, har surukarsa ta kira. Walƙiya ya yi ƙoƙarin juya laifin, ya nuna dattijon ya ce ai duk mai ido zai ga mataji.

"Na gani," in ji mai tsara shafi. "Na ɗauka irin abin nan ne da manya ke saƙalawa a kunne. Kuma ka ce ba tambaya."

Edita ya ce kyamarar jarida in jami'an tsaro sun sako ta, kada Walƙiya ya wahalar da kansa zuwa karɓa, za a aika wani. Ya ƙara da cewa gobe za a buga neman afuwa a shafin farko, kuma tun da yana son sunansa da manyan haruffa, a nan ma ba za a rage masa ba. Walƙiya ya buɗe baki ya ce a duba fa, ta fuskar fasaha hoton ba shi da aibu. Edita ya ce shi ma ya yarda, shi ya sa ya ba shi shawarar ya ci gaba da ɗaukar masu aski.

Da yamma na shiga gidan, ba don igiyar shanya ba wannan karon. Tausayinsa ne ya kama ni, domin duk cika bakinsa mutum ne da bai taɓa cutar kowa da gangan ba, kuma na san abin da shafin nan yake a wurinsa. Na same shi zaune a falo ya haɗa kai da gwiwa, ba ya ko kallon bango. Matarsa ta shigo da almakashi da jarida, ta yanke shafin farko a tsanake, ta ciro firam daga ledarsa ta saka, ta goge gilashin da gefen zanenta. Ta jawo kujera ta taka, ta rataya shi a kan ƙusar. Ya ɗago ya ce mata ta sauke, ba wannan yake nufi ba.

"Ka ce shafin farko, ga shafin farko. Ka ce da sunanka, ga sunanka, har daga zaure ana karantawa. Na ciki kuma yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni dai ban ga abin da ya rage ba."

Ta sauko ta ja baya ta duba, ta koma ta ɗan daidaita gefen hagu. Walƙiya ya daɗe yana kallon bangon. Can ya share hanci ya ce, da muryar da ban san shi da ita ba, a ɗan matsar da fitilar, hasken yana dukan gilashin yana ɓata masa tutoci.